Kifin Ado a Ɗaki: Wane Ne Zai Zauna da Wane?

Ina magana ne daga nan Gangara, a ƙaramar hukumar Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar. Yau batun kifin ado za mu taɓa, wato kifin da ake ajiyewa a akwatin gilashi cikin ɗaki don kallo. Matasa da yawa sun fara sha'awar abin, sun gani a TikTok ko a falon wani a Katsina ko Kano. Sai mutum ya tara kuɗi, ya sayo kifi kala-kala ya zuba wuri ɗaya, kafin sati biyu rabi sun mutu. Galibi matsalar daga zaɓi take, an haɗa waɗanda ba sa zama tare. Kuɗi ya tafi, rai kuma ya salwanta a hannunka.

Mu fara da akwatin. Wanda aka fi samu, mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, lita 54 yake ci. Jarka biyu ke nan ta lita 25 da ɗan ƙari. Ku riƙe wannan lissafin, domin a kansa za mu auna kowane kifi.

Tambayar da aka fi yi ita ce: ga dam ɗin Jibiya kusa, me zai hana in karɓi ƙananan kifi wurin masunta? Ƙanƙantar da ka gani ta yarinta ce. Tarwaɗa tana iya wuce mita ɗaya, kuma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, musamman da dare. Ka tambayi mai kiwon tarwaɗa dalilin da yake ware manya da ƙanana: in bai ware ba, su cinye juna. Karfasa kuwa tana kai santimita 30 har fiye, tana tone ƙasan akwati, in ta zo hayayyafa ta kama wuri ta hana kowa sakat. Minjirya wuta take sakewa, babbarta tana iya kai bolt 300. Gaiwa ga girma ga cizo. Kurungu yana da ban sha'awa, wani irinsa ma a rigingine yake iyo, amma yawancinsu sun fi ƙarfin lita 54. Wannan ba raina kifinmu ba ne. Akwai kifin Najeriya da ake fitarwa Turai don ado, kamar kiribensis na yankin Neja Delta. Na dam ɗinmu ne dai ke buƙatar wuri mai faɗi.

To, ya ake gane masu jituwa? Abu huɗu nake so ku duba.

Na ɗaya, girman baki. Kifi ba ya da kara. In wani zai shige bakinsa, wata rana zai shige. Saboda haka ka tambayi girman da kifi zai kai idan ya manyanta, kar ka tsaya ga yadda ka gan shi a leda.

Na biyu, hali. Kifin beta, ɗan asalin Tailan, mai doguwar jela kamar babbar riga, maza biyu ba sa zama akwati ɗaya. Faɗa za su yi har ɗaya ya halaka. Taiga bab, mai zanen baƙi a jiki, shi kuma sana'arsa gutsurar jelar wasu, don haka haɗa shi da beta ko gofi zalunci ne. Akwai kuma masu zaman garke, irin su zebra daniyo da niyon tetra. Su in ba su kai shida ba a tsorace suke rayuwa, su ɓuya, su ƙi cin abinci.

Na uku, zafin ruwa, kuma nan ne yankinmu ya bambanta da bidiyon da kuke kallo. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a nan, a Disamba da Janairu kuma hunturu ya sauko da dare. Ruwa in ya yi ɗumi iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi. Golfish, jan kifin nan da Sinawa suka fara kiwo fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ruwa mai sanyi yake so, yana kai santimita 20, ga yawan kashi. A ƙaramin akwati da bazara wahala kawai zai sha, ya kuma ɓata wa sauran ruwa. Niyon tetra, ɗan kogin Amazon, shi ma ba ya son ruwa ya wuce digiri 26. Gofi da filati sun fi juriya, ruwanmu na rijiya da burtsatse ma yana karɓarsu.

Na huɗu, yawa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a cikin filta da tsakuwa suna sarrafa ta, amma sai sun ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. Shi ya sa sabon akwati ba a cika shi rana ɗaya. Fara da biyu ko uku, bayan sati biyu ka ƙara.

Yanzu ga abin da zan ba ku shawara a lita 54. Zaɓi na farko: gofi 6, duk maza, domin su ne masu kala. In ka haɗa da mata, ka sani gofi haihuwa take yi ba ƙwai ba, kusan kowane wata, kafin ka ankara akwati ya cika. Zaɓi na biyu: gofi 4 da filati 3, halinsu ɗaya, abincinsu ɗaya. Zaɓi na uku: beta namiji guda ɗaya tak. Wannan ya dace da mai fama da ɗauke wuta, domin beta yana iya hawowa sama ya shaƙi iska, kamar yadda tarwaɗa da gaiwa ke yi. Sai dai shi sanyi ne ba ya so, da hunturu sai ka lulluɓe akwatin da bargo da dare.

Da bazara kuwa, kar a ajiye akwati bakin taga inda rana ke bugawa. Ka ɗaga murfi kaɗan, ka sa ƙaramar fanka mai caji tana kaɗa saman ruwa. Hikimar randa ce, ruwa na tashi yana tafiya da zafi. Kar a jefa ƙanƙara, sauyin gaggawa yana kashe kifi. Duk sati ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kar ka zubar da shi duka. In ruwan famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe saboda kulorin. Sabon kifi kuma, musamman wanda ya sha doguwar tafiya a mota, ka bar ledarsa tana yawo a saman ruwan minti 20 kafin ka sake shi.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙonku a kansa. In kifi ya ishe ka, ko ya hayayyafa ya yi yawa, ka bai wa aboki, kar ka juye shi a dam ko gulbi. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa, kifin da muka sani sarai, a tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka. Daga baya an ƙiyasta kimanin nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin sun ɓace, kuma shi ne babban sanadi. Dam ɗin Jibiya abincin masunta ne da manoman rani, ruwansa kuma yana gangarawa har Maraɗi. Ɓarnar da aka yi a nan ba ta tsayawa a boda.

Wanda ke da akwati a gida, ya rubuto mana girmansa da irin kifin da ke ciki, mu duba tare a shiri na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya.