Fitata ta farko waje: Kwana shida a Garwa, tsakanin gasasshen kifin Binuwai da neman gidan Goggo

Ban taɓa taka ƙasar kowa ba sai da mahaifina ya kira ni wata safiya a Zariya, ya ce, "Ƙanwata tana Garwa, shekara talatin ke nan rabona da ita. Ƙafata ba za ta kai ni ba, kai ka je." Abin da ya ba ni shi ne sunan unguwa, Hausare, da sunan mijinta marigayi, sai wani tsohon hoto. Da wannan guzurin na ɗauki fasfo da katin allurar shawara na nufi Yola, daga can muka bi ta Belel muka shiga Kamaru, muka ratsa Gashiga zuwa Garwa.

Darasin farko a kan kuɗi na same shi. Wani aboki ya ba ni ragowar sefar da ya dawo da ita daga Maraɗi, ina ta murna. Da na miƙa wa mai shayi sai ya juya takardar ya mayar mini. Ashe sefa biyu ce: ta Afirka ta Yamma daban, ta Afirka ta Tsakiya da ake kashewa a Kamaru daban, ko da yake darajarsu ɗaya. Duk mai shirin zuwa ya kiyaye wannan.

Yadda na sami Goggo

Garwa ita ce hedikwatar Yankin Arewa, tana bakin kogin Binuwai. Fulatanci ne harshen kasuwa da titi, Faransanci na ofis, amma Hausa ba ta bar ni na ɓata ba. Ɗan acaɓa, wanda a nan suke kira kilando, ya sauke ni a bakin wani masallaci a Hausare. Bayan La'asar na nuna wa dattawa hoton. Ɗaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ai wannan matar Malam ce, taso mu je."

Da na yi sallama na faɗi sunan mahaifina, Goggo ba ta ce komai ba, sai ta zauna a kan tabarma ta rufe fuska da mayafi. Can ta ɗago ta ce, "Yaya yana da rai?" Na ce yana nan, ga ma muryarsa. Na buga waya na miƙa mata. Wallahi ban iya tsayawa a ɗakin ba.

Jikokinta kuwa Hausarsu ta sha Fulatanci da Faransanci. Su suka koya mini "jaɓɓaama" wato maraba, da "useko" wato na gode, kuma su suka zama 'yan rakiyata.

Wuraren da suka tsaya mini a rai

Na farko gadar Binuwai da yamma. Daga kanta za ka ga masunta a kwalekwale da mata masu wanki, kuma idan ka yi sa'a ka hango dorina ta ɗago kai. Mun yi sa'a. An ja mini kunne kada na matsa kusa, don dorina ba ta san baƙo ba. Wannan ruwan ne ke gangarawa Yola da Makurɗi har ya haɗu da Neja a Lakwaja, kuma a da jiragen ruwa kan hauro har Garwa da damina su yi lodin kaya.

Na biyu fadar Lamiɗo. A nan mutum zai gane cewa iyakar da muka tsallako ta zo daga baya, domin Garwa tana ƙarƙashin masarautar Adamawa ne har Jamusawa suka ci garin a 1901, kafin sojojin Ingila da Faransa su karɓe shi a 1915. Algaita da dogarai da rawunna duk irin na gida. Juma'a kuma mun yi ta a babban masallacin Pumpumre. A garin nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, wanda ya sauka a 1982, ya rasu a Dakar a 1989, kuma can kabarinsa yake. Dattawa har yanzu suna maganarsa.

Yaran suka dage sai na ga filin wasa na Rumde Ajiya. A nan Najeriya ta ci Masar 1-0 a gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, Kelechi Iheanacho ya ci, kuma a nan Tunisiya ta fitar da mu da ci 1-0. Suka yi ta yi mini tsiya, suna tuna mini cewa ƙungiyarsu Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008.

Ranar Lahadi mun ci kasuwar Pitowa, ba nisa da gari. Washegari muka je madatsar ruwan Lagdo, wadda aka kammala a 1982. Mu a Najeriya ba ma jin sunanta sai lokacin ambaliya, kamar ta 2012 da ta 2022. Da na tsaya a bakin tafkin sai na ga masunta da masu noman rani da wayoyin lantarkin da ke haska arewacin Kamaru. Ruwa ɗaya, ga waɗanda yake ciyarwa a sama, ga waɗanda yake cinye wa gona a ƙasa, kuma madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganar ginawa a ɓangarenmu har yau shiru.

Inda za a ci

Gaskiya abinci mafi daɗi a gidan Goggo na ci shi: tuwon dawa, wanda suke kira nyiiri, da miyar yakuwa, wato folere, da aka haɗa da gyaɗa da busasshen kifi. Akwai miyar tafasa da ta kuka, ɗanɗano kusan irin namu, sai dai hannunsu ya fi sake wa gyaɗa.

A waje kuwa, kifi ne sarki. Da magariba mata kan hura gawayi a bakin titi su gasa karfasa da giwan ruwa, wanda suke kira kapiten, a ba ka da yaji da soyayyar ayaba ko sandar rogo. Ka zaɓi kifinka da idonka, a yi ciniki kafin a ɗora a wuta. Da safe ka nemi mai shayi da dogon burodin Faransa, ko fanke da wake da kunu. Tsire, wanda suke kira soya, yana nan ko'ina, ga kilishi, ga kindirmo mai sanyi da suke kira kosam, wanda ya cece ni daga zafin rana, don zafin Garwa a Maris da Afrilu yana wuce digiri 40.

Sai dai a yi hattara. Garwa gari ne na Musulmi da Kirista da sauransu, kuma a unguwanni irin su Yalwa wasu masu gasa kifin a ƙofar mashaya suke. Ana kuma sayar da bilbil, giyar dawa ce mai kama da kunu a ido. Ni ma saura kaɗan na yi kuskure, jikan Goggo ya riƙe mini hannu. Mafita mai sauƙi ce: ka tambaya, ka ci nama a wurin mahautan da 'yan unguwa suka sani, kifi kuma a ƙunshe maka ka kai masauki.

Ranar da zan taho, Goggo ta ɗaure mini busasshen kifi da kilishi da wata tsohuwar hula ta kakanmu da ta ajiye tun ranar aurenta. Ta ce, "Ka kai wa Yaya, ka ce masa na ji muryarsa, saura ido." Mun sa rana bayan Babbar Sallah zan koma na ɗauko ta. Allah Ya nufe mu da rai da lafiya.