Abubuwan ban mamaki a taƙaice: ɗan mitsitsin da ke rufe wa ƙwayoyin gado baki

A ƙasar Gabon, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da jinin AS, wato rabin gadon cutar sikila. Ke nan in ka tsaya a bakin titi a unguwar Nombakélé ta birnin Libreville, da wuya motar haya ta wuce cike ba tare da irin wannan mutum a ciki ba. Tun 1954 mai bincike Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. To amma ta yaya? Wani ɓangare na amsar yana wajen abin da ake kira maikro-RNA.

Girmansa abin dariya ne: haruffan gado kusan 22 kacal. Ba ya haɗa furotin ko ɗaya. Ƙwayar gado takan aiko da saƙo a haɗa furotin kaza, shi kuwa sai ya tare ɗan aiken a hanya, ya manne masa, ko dai a ƙi karanta saƙon ko a yayyaga shi. Haruffa shida zuwa bakwai na farko-farkonsa sun ishe shi gane wanda zai kama, shi ya sa guda ɗaya kan iya danne saƙonni ɗaruruwa.

A jikin tsutsa aka fara ganinsa, wata 'yar mitsitsiya mai tsawon milimita ɗaya. Masu bincike Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka bayyana shi a 1993, masana kuwa suka ɗauka wata baƙuwar ɗabi'a ce ta tsutsa kawai. Sai a 2000 Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka duba aka same shi a ƙuda, a kifi, har a mutum. Kyautar Nobel ta zo musu a Oktoban 2024. Sunan da ya zo farko a takardar Ambros ta 1993 kuwa na matarsa ne, Rosalind Lee, ita ce kuma ba ta cikin waɗanda aka kira.

Mu dawo kan jini. Jar ƙwayar jini da ta nuna ba ta da cibiyar da ke ajiye gado, amma cike take da maikro-RNA. A 2012 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka ruwaito cewa biyu daga ciki, miR-451 da let-7i, sun fi yawa a jinin AS da SS. Idan ƙwayar maleriya ta shiga ta zauna, sai su kutsa cikinta, su liƙe a jikin saƙonninta, haɗa furotin ya gagare ta, girmanta ya ragu. Abin ya fi ban mamaki da yake ita ƙwayar maleriyar ba ta da kayan sarrafa maikro-RNA sam. Na mai gida ne suka bi ta har ɗaka. Kada dai mai SS ya ji wannan ya jefar da gidan sauro, domin maleriya a jikinsa tana iya kisa. Kuma dalilin gwajin jini kafin aure, wanda Kano ta mayar doka a 2024, yana nan daram.

Ba kullum maikro-RNA ke dannewa ba. Ƙwayar cutar hanta nau'in C tana kama miR-122, wanda ya cika hantar mutum, ta fake da shi ta hayayyafa.

In kuma shi kansa ya samu matsala, jiki kan ji: sauya harafi ɗaya a miR-96 yana jawo kurumta ta gado.

Ga kuma wadda za ta burge masu kiwon ragon layya. Tumakin Texel, 'yan asalin wani tsibiri a Holan, sun yi suna da tarin tsoka. A 2006 masana a Liège ta Beljiyam suka gano sirrin: harafi ɗaya ya canza a saƙon miyostatin, furotin ɗin da ke taka wa tsoka birki, sai miR-1 da miR-206 suka samu wurin kamawa suka danne shi. Da wanda ke hanawa ya yi shiru, nama ya yi ta taruwa a cinya, ba don dusa ko harawa ta fi ta sauran tumaki ba.