Magini da Tsagar Bango

Duk shekara, idan bazara ta yi nisa aka fara ganin hadari yana haɗowa ta gabas, mahaifinmu kan aika a kira magini ya duba gida kafin ruwan fari. Tsohon ba ya gaggawa. Sai ya yi sallama a zaure, an gaisa, ya sha ruwa, sannan ya fara zagaye, yana ƙwanƙwasa bango da bayan hannu yana saurare. Wata tsagar ko kallonta ba ya yi, don ya san a yaɓe ta tsaya. Wata kuwa siririya kamar zare, sai ya tsuguna a gabanta ya daɗe, don ta kai ga tubali. Ya hau soro ya duba indararo, ya soka wuƙa a azara ya ji ko gara ta ci. Sau ɗaya tak na ji ya ce a rushe ɗaki, ranar ma sai da ya tambayi inda masu ɗakin za su kwana.

Shi nake tunawa idan na karanta labarin ma'aikatan walwalar jama'a da ke shiga gidajen baƙaƙen fata a Amurka. A can, idan malamin makaranta ko likita ko maƙwabci ya kai ƙorafin ana cutar da yaro, hukuma kan turo jami'i ya buga ƙofa, ya buɗe firji, ya leƙa makwancin yara. Yana iya neman kotu ta amince a ɗauke yaron a kai shi riƙo gidan da bai sani ba. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yaran baƙaƙen fata sai an yi wa gidansu irin wannan shigar kafin su cika shekara 18. Kuma yawancin ƙararrakin ba na duka ba ne, na rashin kulawa ne, wanda sau da yawa idan aka tona talauci ne: an yanke wuta, uwa tana aikin dare ba ta da mai raino, mai gida ya ba da notis. Tsagar yaɓe ce ake yi wa hukuncin rusau, kuma abin yana ci mini rai.

Wanda bai san ginin ƙasa ba, idan ya ga tsaga siminti yake ɗaukowa. Ya shafe bango ya yi sumul, damina biyu ya ɓamɓare ya tafi da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Haka aka daɗe ana yi wa waɗannan iyalai. A 1965 Daniel Patrick Moynihan ya rubuta wa gwamnati rahoton da ya kwatanta gidan baƙar fata da gini mai ciwo tun daga tushe, musamman don yawan gidajen da mace ke riƙe da su. A 1972 Robert Hill ya mayar da martani da littafi kan ƙarfin waɗannan iyalai: zumunci mai ƙarfi, riƙon aiki, riƙon addini, burin yara su yi ilimi, da yadda kowa a gida kan ɗauki nauyin da ya faɗo ba tare da cewa ba nasa ba ne. Azarorin gidan ke nan. Jami'in da bai san su ba, idan ya tarar da yaro a hannun kaka, ko wata inna ta coci da ba jini ɗaya suke ba, sai ya rubuta cewa uwa ta yi watsi da ɗanta. Mu da muka tashi muka ga ɗan riƙo a kusan kowane gida ba sai an yi mana bayani ba.

Masu wannan sana'a daga cikin al'ummar sun daɗe da gane haka. Tun 1908 Lugenia Burns Hope ta tara matan unguwa a Atalanta, suka raba unguwanni a tsakaninsu suna bi gida-gida suna tambayar abin da ke damun mutane. A 1968, a San Faransisko, wasu ma'aikata baƙaƙen fata suka fice daga babban taron ƙasa na masu sana'ar, suka kafa ƙungiyarsu, wadda har yau take nacewa a bar yaro cikin danginsa. Akwai kuma tsarin da aka fara a Takoma a 1974, ba don baƙaƙen fata kaɗai ba, mai suna Homebuilders, wato maginan gida. Ma'aikaciya ba ta riƙe fiye da gida biyu ko uku a lokaci guda, tana zuwa har gida na mako huɗu zuwa shida, kuma ana iya kiranta ko tsakar dare ne.

Aiki ne mai nauyi, albashinsa bai taka kara ya karya ba, ga digiri da ɗaruruwan sa'o'in horo kafin a ba mutum dama. Wata rana ma tsagar ta kai ga tubali da gaske, yaron yana cikin haɗari, dole a fitar da shi. Ma'aikaciyar kirki ba ta rufe ido ga wannan. Amma tun ranar farko, tana zaune a teburin cin abinci, ta riga ta tambayi uwar: idan abu ya taso da ƙarfe biyun dare, wa kike kira? Uwar ta lissafa mahaifiyarta, da yayarta, da fasto ko liman, da wata maƙwabciya a hawa na biyu. Ma'aikaciyar ta rubuta sunayen, washegari ta fara da ƙofar kakar.