Aron Tauraro: Yadda Ake Ɗora Sabon Labari a Kan na Wani

Labarin ɗori shi ne wanda mai karatu ko mai kallo ya rubuta da taurarin da wani ya riga ya ƙirƙira. Littafi ya ƙare, ko fim ya kai ƙarshen zango, amma ran mutum bai saki mutanen ciki ba, sai ya ɗauki alƙalami ya ci gaba da su: ya aurar da wadda aka bari ba aure, ya ba mugu dama ya faɗi ta bakinsa, ko ya kai su garin da mai labarin bai taɓa kai su ba. A Amurka abin ya yi ƙarfi tun shekarun 1960, lokacin da masu kallon shirin Star Trek suka riƙa buga 'yan mujallu na labaran da suka ƙaga. Yau kasuwarsa tana ci a intanet, a shafuka irin su FanFiction.net da aka buɗe a 1998, da Wattpad da aka kafa a Kanada a 2006, inda marubutan Hausa ma suke zuba littattafansu.

Bahaushe kuwa ya daɗe da sanin wannan sana'a. Duk kakar da ta zauna da jikoki bayan lisha tana da izinin ƙara wa Gizo sabuwar ta'asa, ba mai ce mata ba haka aka yi ba. Sharaɗin ɗaya ne, Gizo ya fito a Gizonsa, da kwaɗayi da wayo da tsamin baki, Ƙoƙi tana gefe tana jan kunne. Ranar da aka kawo Gizo mai kawaici da kyauta, yaran da kansu za su ce an yi kure. A rubuce ma haka ne. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da labarin aku na Indiya ya gina Magana Jari Ce, wanda ya fara fita a 1937. Ahmadu Ingawa ya samo Iliya Ɗan Maiƙarfi daga labarin wani gwarzon Rasha. A Nijar, Abdoulaye Mamani ya ɗauki Sarauniyar Lugu da ta tari ayarin sojan Voulet da Chanoine a 1899, ya yi mata ƙuruciya da magana da tunani a littafinsa na 1980, har Med Hondo ya mai da shi fim a 1986.

Shiri yana farawa da komawa ga asali. Tunawa ba ta isa, domin mutum yakan riƙe abin da ya burge shi ne kawai. Ana sake karanta littafin da takarda a gefe, ana rubuta abu biyu: abin da labarin ya faɗa ƙarara, da wurin da ya yi shiru. Na farko ba a taɓa shi, masu karatu sun san shi kuma suna kishinsa. Na biyu shi ne filin mai ɗori. Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam na 1934, misali ne mai kyau. Tauraron littafin, Alhaji Imam, shi ne yake ba da labarin da bakinsa, don haka Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba ya bayyana sai sun haɗu a wani gari, wannan ya shirya wa wancan tsiya, wancan ya rama. Ina Zurƙe yake kwana tsakanin haɗuwa da haɗuwa?  Da shi aka ba bakin magana, wane ne zai fito a macuci? Littafin bai amsa ba, kuma kowace tambaya a nan ta isa labari guda.

Daga nan sai a tsai da lokaci, ko kafin labarin asali, ko a tsakiyarsa, ko bayansa, a kuma zaɓi abu ɗaya tak da za a sauya. Wanda ya sauya zamani da gari da sana'a da hali a lokaci guda ya rubuta sabon littafi ne ya liƙa masa sunan aro. Tsarin bai buƙatar tsawo. Shafi ɗaya ya wadatar, muddin ya nuna inda aka tashi, da inda rigima za ta kai maƙura, da inda za a sauka.

Ginin tauraro shi ne mai wuyar. Hali zanen dutse ne, kuma a labarin ɗori mai karatu ya riga marubuci sanin zanen. Abin da ake nema a wurin kowane tauraro shi ne me yake so, me yake tsoro, kuma me yakan yi idan aka ƙure shi. Zurƙe idan an ƙure shi ƙarya yake yi, ba ya kai duka. Yana iya tuba, amma sai labarin ya biya kuɗin tubar, ya ci kunya a gaban wanda yake jin nauyi, ko dabararsa ta cuci wanda bai yi nufi ba. Nan ne littattafan waya da yawa suke tuntuɓe. Miskilin saurayi mai kuɗi da aka yi shafi hamsin ana nuna ba ya dariya, sai ya narke a shafi na hamsin da ɗaya don kawai ya hango 'yar ƙauye tana ɗibar ruwa. Masu karatu sukan haƙura da wannan saboda son soyayya, amma rauni ne.

A ɗauka marubuci ya zaɓi zamani a matsayin abin da zai sauya, ya sauke Zurƙe yau a Karofane, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa. Wurin da kansa zai ba shi abin yi. Ƙasar Adar ce, ta tuddai da duwatsu, ga kwarin Majiya inda aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, ga garakan albasa da rani. Bayan girbi samari da magidanta da yawa sukan tafi ci-rani Najeriya ko Abijan ko Libiya, gida ya koma hannun mata da tsofaffi, kunne yana kan waya ana jiran saƙo. Macuci irin Zurƙe ba zai ɓata lokaci a kan albasa ba. Zai shigo ran kasuwa da ƙurar hanya a ƙafa, ya ce daga Abijan yake, an aiko shi da kaya amma an riƙe su a Madawa sai an biya kuɗin mota. Halin na Abubakar Imam ne, dabarar kuwa Karofane ce ta haife ta. Ƙananan abubuwa su ne suke tona asirin wanda bai san wuri ba: can da sefa ake ciniki, ana ƙirga ta da dala, dala ashirin ita ce sefa ɗari, jika kuma dubu. Wanda ya sa Zurƙe ya karɓi naira a kasuwar ya rasa mai karatu na Buza da Keita tun a shafin farko.

Labarin zai buƙaci sabon mutum da zai kara da Zurƙe, misali dattijuwar da ɗanta ya shekara biyu ba labari. Haɗarin sabon tauraro shi ne marubuci yakan zuba kansa a ciki, ya fito da wanda ba ya kuskure, kowa yana sonsa, har taurarin asali su koma 'yan rakiya. Maganinsa a ba shi aibu mai tsada. Dattijuwar tana da wayo, ta gane ƙarya ce tun daga gaisuwa, amma son jin sunan ɗanta a bakin wani ya sa ta ƙi korar baƙon. Shi yana ce mata Inna, ita tana ce masa Malam, tana dama masa fura tana yi masa tambayoyin da ta san amsarsu. Bakinta kuma na Adar ne, munka da sunka, tahi da ɗiyata. Ba a cika shafi da karin harshe har karatu ya yi nauyi. Kalma biyu ko uku da suke dawowa sun isa a ji muryarta dabam da ta baƙo.

Zubin farko ana yinsa da sauri, ba a tsayawa gyaran jimla. Matsalar zamani ita ce yawancin rubutun a waya ake yi, ana sakin shafi kullum a zaurukan WhatsApp da Facebook, masu karatu suna matsawa a ƙara, wasu ma suna yanke hukuncin wanda za a aura. Jin ra'ayinsu yana da amfani, amma labarin da ake tuƙawa da kuri'a yakan yi tsawo ya rasa mafita. Gara a kammala zubin kafin a saki shafin farko, ko aƙalla a riƙe shafuka goma a ajiye, musamman a karkara inda caji da layin waya ba su da tabbas.

Gyara yana da mataki biyu. Na farko a karanta da ƙarfi, domin littattafan Hausa da yawa ta kunne suke isa ga jama'a, a rediyo da YouTube, kuma kunne yana kama zancen da ba mutumin da zai furta shi. Na biyu a ba wanda ya san littafin asali, a yi masa tambaya ɗaya: wane zai aikata haka? Sai a bi haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda madannin waya yakan haɗiye.

Saura batun haƙƙi. Gizo ba shi da mai shi, kowa na iya ɗauka. Kamaye da Adama na shirin Daɗin Kowa kuwa mallakar tashar Arewa24 ne, haka taurarin kowane littafi ko fim da aka san mai shi. Al'adar masu ɗori a duniya ita ce a rubuta sunan mai labarin asali a farkon shafi, kuma ba a sayar da abin da aka ɗora sai da izininsa. A Najeriya haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, a Nijar kuma akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA a Yamai. Ana kuma rarrabewa tsakanin tauraron labari da ɗan wasan da ya hau matsayinsa. Na farko ƙirƙirarre ne, ana iya aurar da shi ko a kashe shi a takarda. Na biyu mutum ne mai iyali, kuma ƙaga labari da sunansa na gaskiya yana iya zama ɓata suna a gaban shari'a.