Yadda Ningxia ta shiga sahun masu giyar inabi

Ningxia jiha ce mai cin gashin kanta a arewa maso yammacin ƙasar Sin, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui. A gindin tsaunukan Helan, yamma da birnin Yinchuan, aka shimfiɗa gonakin inabin da suka fito da sunanta.

Ƙasar ƙeƙasasshiya ce, ruwan saman shekara kimanin milimita 200 ne, don haka da Rawayen Kogi ake ban ruwa. Amma bushewar iska tana rage cututtukan kuranga, sannan tudu ne da ya haura mita 1,000: rana mai ƙarfi, dare mai sanyi. Hakan kan sa inabin ya nuna a hankali, zaƙinsa bai danne tsaminsa ba.

Wahalar tana lokacin hunturu. Sanyi kan kashe kuranga, sai a kwantar da kowacce a binne ta da ƙasa wajen Nuwamba, a tono ta da bazara. Aiki ne mai cin kuɗi da ƙarfin jiki, kuma da yawa daga masu yin sa mata ne 'yan ƙauye, waɗanda ya kamata a riƙa ambata idan ana yabon gonakin.

A 2011 giyar Jia Bei Lan ta gidan Helan Qingxue ta ci babbar lambar yabo a gasar mujallar Decanter ta Ingila. Daga baya kamfanin Chandon ya kafa masana'anta a Ningxia. Abin damuwa yanzu shi ne ruwa, domin gonakin suna ta faɗaɗa a bakin hamada.