Shirin Musamman: Jinya Ta Hanyar Aiki

Daga nan Sakkwato birnin Shehu, yau za mu tattauna a kan wani fannin kiwon lafiya da ba a cika ambatonsa ba, wato jinya ta hanyar aiki.

Ku ɗauki misalin wani baduku da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama. An sallame shi daga asibiti, hawan jini ya sauka, 'yan uwa suna ta hamdala. Amma da asuba ya kasa riƙe buta ya yi alwala, ya kasa tsuguno a bayan gida, balle ya riƙe basilla ya ɗinka fata. Likitan gashin ƙashi yana ƙarfafa masa gaɓoɓi. Shi kuwa masanin wannan fanni tambayarsa ita ce: "Baba, me ka fi so ka koma yi da hannunka?"

An kafa ƙungiyar farko ta wannan sana'a a Amurka a shekarar 1917, kuma masana sun tsara mata tafarkai. A 1980 Gary Kielhofner ya fito da tsarin da ke duba niyyar mutum, da ayyukan da ya saba, da abin da jikinsa zai iya, da inda yake zaune. A 1996 Mary Law da abokan aikinta a Kanada suka ce abu uku ne kamar duwatsun murhu: mutum, muhalli da aiki. In ɗaya ya goce, tukunya ba ta zauna ba.

To ga yadda abin yake ga badukun namu. In hannu bai dawo daidai ba, sai a gyara kayan aikin. A naɗa tsumma a mariƙin cokali ya yi kauri. A rataye buta a ƙusa yadda zai karkato ta da hannu ɗaya. A ɗora kujera mai huda a kan masai. A kafa masa matsi a benci ya riƙe masa fatar. Ranar da ya ci tuwo da kansa, mutuncinsa ya dawo.

Akwai kuma tsarin Kawa, wato kogi a harshen Japan, wanda Michael Iwama ya jagoranta. Rayuwa ruwa ce mai gudana, matsaloli su ne duwatsu, iyali da unguwa su ne gaɓa. Duk wanda ya san Gulbin Rima ya san ko dutse bai kau ba, ruwa yana samun hanya in an buɗa masa.

Masu buƙatar wannan jinya suna tare da mu: yaran da aka yi wa aiki a Asibitin cutar Noma da aka buɗe a 1999, masu taɓin hankali da ke jinya a Kware, da waɗanda kuturta ta taɓa wa yatsu a Amanawa.

Don haka iyaye da 'yan uwa, tausayi ba shi ne a yi wa majinyaci komai ba. Ku bar shi ya gwada, ku taya shi inda ya gaza, ku tambayi likita yadda za a gyara masa gida. Hukuma kuma ta horar da 'ya'yanmu wannan ilimi, ta ɗauke su aiki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.