Farin Tabo a Ganyen Ɗaɗɗoya: A Juya Ganyen Kafin a Ɗauko Maganin Feshi

Ɗaɗɗoya shuka ce mai sauƙin hali. A tsohon bokiti, a buhun da aka cika da ƙasa, ko a gefen makwararar ruwa ta tsakar gida, duk tana kamawa, ta kuma biya mai ita da ganyen jefawa a farfesu da shayi da miya. Wannan sauƙin halin nata ne ya sa ba a cika kula da lafiyarta ba, sai ranar da aka wayi gari ganyen ya yi ɗige-ɗigen fari. A nan sai wani ya ce ai rana ce, ya ƙara tuttula mata ruwa. Wani kuma ya ɗauko ragowar maganin da aka fesa wa wake ya watsa mata. Dukansu biyu sun ba da magani ne kafin su san ciwon.

Farin tabo ba sunan wata cuta ba ne. Alama ce kawai, kuma abubuwan da ke jawo ta sun bambanta ƙwarai, har maganin wani yakan ƙara wa wani ƙarfi. Don haka aikin farko shi ne dubawa, kuma ba ya bukatar ko sisi.

A jiƙa yatsa a goge tabon. In ya goge tas, ganyen kuma lafiya lau a ƙarƙashinsa, to ƙura ce, ko kuwa gishirin da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari idan ya bushe a kan ganye. Wannan ba abin damuwa ba ne. In ya goge amma bayan 'yan kwanaki ya dawo yana yaɗuwa, gari-gari a saman ganye, to fumfuna ce irin wadda aka saba gani a ganyen kuɓewa da kabewa, ko da yake ba ta cika damun ɗaɗɗoya ba. In kuwa bai goge ba sam, farin yana cikin naman ganyen, to wani abu ne ya tsotse ruwan wurin ko ya ƙona shi. Daga nan sai a juya ganyen, domin kusan duk masu ɓarnar a bayansa suke fakewa.

Da yawansu ido ba ya kama su da sauƙi. Dabarar ita ce a samu farar takarda a tara a ƙarƙashin reshe, a ɗan kaɗa reshen da yatsa. Abin da ya zubo sai a zuba masa ido na ɗan lokaci. Ƙura tana nan inda ta faɗi. Ƙwaro kuwa zai fara tafiya. Kyamarar waya ma tana taimakawa in an jawo hoton kusa.

Idan ɗigon da ke tafiya ɗan mitsitsi ne, ja ko ruwan ɗorawa, ganyen kuma ya cika da ƙananan ɗige-ɗige kamar an tsattsaga shi da bakin allura, to ƙananan gizo-gizon ganye ne. In sun yi yawa har yana suke yi tsakanin ganye da kara. Su masoya zafi ne da bushewa da ƙura, shi ya sa daga ƙarshen hunturu zuwa bazara suke cin karensu babu babbaka. A irin zafin watan Maris da Afrilu, ƙwan da aka saka yau yakan zama babba mai saka nasa ƙwan cikin kimanin mako guda. Wanda ya ga alamarsu ya ce bari sai an kwana biyu, zai dawo ya tarar da shukar ta koɗe gaba ɗaya.

Idan kuma abin da ke kan takardar siriri ne mai ɗan tsawo, mai saurin gudu, tabon ganyen yana ƙyalli ruwan azurfa da ɗigon baƙi-baƙi a cikinsa, to dangin ƙwarin nan ne da ke koɗar da ganyen albasa a lambu. Baƙin ɗigon kashinsu ne, kuma shi ne shaidar da ta fi kowacce. Farin ƙuda kuwa shi ke tona wa kansa asiri: da an taɓa shukar sai ya tashi buu, ya sake sauka. Manoman tumatir sun san shi sarai, don shi ne ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye. Akwai darɓa, wadda ke cunkushewa a sabon toho, da wani farin ƙwaro mai jiki audu-audu da ke lafewa a mahaɗar ganye da kara. Waɗannan ukun na ƙarshe suna fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, wanda baƙar fumfuna ke tsirowa a kansa. Kiyashi ma wannan zaƙin yake bi, har yana kare ƙwarin daga masu cin su. Duk ɗaɗɗoyar da aka ga kiyashi na hawa da sauka a jikinta ba fasawa, a bincike ta.

Farin layi mai lanƙwashe-lanƙwashe a cikin ganye aikin wata 'yar tsutsar ƙuda ce da ke haƙa hanya tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa. Feshi ba ya isa gare ta a can. A tsinke ganyen a ƙona, shi ke nan.

Akwai kuma tabon da babu ƙwaro a cikin lamarinsa. Shukar da ta saba da inuwa, in aka fitar da ita rana tsaka lokaci ɗaya, ganyenta na sama zai yi fari fat, ya bushe ƙayau, na ƙasa kuwa su zauna kore. Sanyi ma yana taɓa ta, sai dai nasa tabon baƙi ne. Ɗaɗɗoya ba ta jure sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10, abin da masu lambu a Jos da tsaunin Mambila ke iya gamuwa da shi a daren hunturu.

Cutar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ba da fari take farawa ba, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Ganye yakan fara yin rawaya a tsakanin jijiyoyinsa, rawayar ta tsaya cak a bakin jijiya ba ta tsallake ba. Mai shuka sai ya ɗauka yunwar taki ce, ya ƙara yuriya, ganye ya ƙara taushi da cunkoso, cutar ta samu yadda take so. Da ya juya ganyen da sassafe, da ya ga wani gashi-gashi mai launin toka da ɗan duhu ya rufe bayansa. Masana na kiran ƙwayar da ke jawo ta Peronospora belbahrii. Da dare take fitar da ƙwayoyin yaɗuwarta idan iska ta cika da laima, iska kuma ta kwashe su zuwa wasu shuke-shuken. Lokacin marka, da ganye ke kwana a jiƙe, shi ne lokacinta. Wanda yake shakka, ya tsinki ganyen da ya yi rawaya, ya sa a leda tare da jiƙaƙƙiyar takarda, ya ɗaure ya ajiye a duhu. In ita ce, kafin gari ya waye gashin zai bayyana.

Tarihinta ma abin lura ne. A Yuganda aka fara ba da rahotonta a farkon shekarun 1930, sannan aka daɗe ba a ji ɗuriyarta ba. A 2001 ta ɓulla a Suwizalan, a 2003 ta shiga Italiya, ƙasar da ake noman ɗaɗɗoya mai faɗin ganye don miyar taliyarsu ta yankin Janowa, a 2007 kuma ta isa jihar Fulorida ta Amurka. An same ta a Kamaru ma, nan kusa da mu. Abin da ya ba ta wannan saurin shi ne tana bin iri. Ƙunshin iri ɗaya mai ɗauke da ita ya isa ya tsallakar da ita teku. Asarar da manoma suka yi ce ta sa masu bincike suka duƙufa, har Jami'ar Rutgers ta Amurka ta fitar da nau'o'i masu jure mata, irin su Devotion da Obsession, a Isra'ila kuma aka fitar da Prospera. Wani abin da ya shafe mu shi ne, ɗaɗɗoya mai taushi da faɗin ganye, wadda ake shigo da irinta a 'yan fakiti don sayar wa otal-otal da manyan kantuna, ita ta fi saurin kamuwa. Tamu ta gida, mai kaurin ganye da ƙarfin ƙamshi, wadda ke girma har ta yi itace, ta fi ta juriya nesa ba kusa ba.

Ganyen da wannan cuta ta kama ba ya warkewa. Gara a faɗi gaskiya: ruwan darbejiya da sabulu ba sa yi mata komai na a zo a gani. Abin yi shi ne a tsinke lafiyayyen ganyen da ya rage a yi amfani da shi, don cutar ba ta kama mutum, sannan a tuge shukar a sa a leda a fitar da ita daga lambun. Kada a jefa ta a tarin taki.

Haka hukuncin yake ga shukar da ke yanƙwanewa alhali ƙasarta a jiƙe take. In karan ya yi zane-zanen ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya riga ɗayan laushi, kan ya lanƙwashe, to fumfunar Fusarium ce ta toshe hanyoyin ruwa a cikin karan. A tsaga shi za a ga cikinsa ya yi duhu. Tana zama a ƙasa shekara da shekaru, don haka ba a maimaita ɗaɗɗoya a wannan ƙasar. In kuwa an tuge an ga saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, tsutsar saiwa ce, wadda ke son ƙasa mai yashi da aka daɗe ana tumatir ko kuɓewa a cikinta.

Ƙwari su ne ake iya yaƙa a ci nasara, kuma da kayan gida. A fara da tsinke ganyen da suka fi lalacewa. Sannan a wanke shukar da ruwa mai ɗan ƙarfi, ana karkata reshe don ruwan ya bugi bayan ganye. Wannan kaɗai yana rage gizo-gizo da darɓa sosai. Da safe ake yi, domin ganye ya bushe kafin dare. In abin ya ci tura, a narkar da sabulun salo ko wani sabulu marar turare, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu a litar ruwa. Ban da garin sabulun wanki, shi ƙona ganye yake yi. Sabulu sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kashe shi, saboda haka fesa saman ganye kawai ɓata lokaci ne.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi, ƙarfinta yana cikin ƙwallon 'ya'yanta fiye da ganye. A samu busassun 'ya'yan da ba su yi fumfuna ba, a fasa a cire ƙwayar ciki, a daka kimanin giram 50, a jiƙa a litar ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan sa sabulu don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ba a ajiye shi. A haɗa a yi amfani da shi nan take. Ba ya kashe ƙwaro farat ɗaya, hana shi ci da girma yake yi, shi ya sa marasa haƙuri ke cewa ba ya aiki. Ƙwai sukan tsira, don haka a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai, har sau uku. Ganyen ɗaɗɗoya ba shi da jimiri, kowane haɗi a fara gwada shi a ganye biyu a jira kwana ɗaya. A kuma wanke ganye sosai kafin ya shiga tukunya, in ba haka ba ɗacin zai bi shi.

Maganar maganin feshi mai guba kuwa, a ganina bai da gurbi a ɗaɗɗoyar gida. Ganyen da aka fesa shi ne wanda za a tsinka gobe a jefa a shayi, babu ɓawon da za a ɓare. Masu ɗauko fiya-fiya su yayyafa wa shuka su tuna cewa ragowar sinadarin da ke cikin irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ban da haɗarin, sau da yawa gudun gara ne a faɗa gidan zago: gubar takan kashe ƙwarin da ke cin masu ɓarna, irin ɗan ja ɗin nan mai ɗigon baƙi a baya da ke cinye darɓa, sai gizo-gizon ganye su samu fili su ninka. Mai noman sayarwa da ba shi da makawa, ya nemi malamin gona, ya sayi abin da aka yarda a fesa wa kayan ganye, ya kuma cika kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya yanka.

Sauran aikin duk a wajen reno yake. A ba da ruwa a gindi, ba ta ka ba. A bar tazarar taƙi ɗaya zuwa biyu tsakanin shuka da shuka don iska ta ratsa. Bokitin da aka shuka a ciki a huda masa gindi. A riƙa katse kan reshe kafin ya yi fure, a rage takin zamani, don toho mai taushi da yawa shi ke kiran darɓa. Sabon dashen da aka sayo ko aka roƙo a maƙwabta, a ware shi gefe na mako biyu ana duba bayan ganyensa kafin a haɗa shi da na gida.

Wanda kuma tasa ta riga ta lalace, kada ya ɓata wata guda yana jinyarta. A yanko reshe mai tsawon yatsa daga lafiyayyar shuka, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa a inuwa ana canza ruwan; cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fitar da saiwa. A dasa shi a sabuwar ƙasa, a wankakken bokiti.